Kawuna Mai Jitar Rok a Naif

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Kawu bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina goye. Ranar da na sauka a filin jirgin Dubai zan fara karatun haɗa magunguna, ina jan akwati ina waige-waige, sai na ji murya daga cikin masu jiran baƙi: "Uwata, ga ni nan, yalla, mu tafi." Dogo ne siriri, furfura ta ci rabin gemunsa, jallabiyarsa fara sol ta sha guga, amma a ƙafarsa baƙin takalmin fata ne mai wuya har ƙauri, irin wanda ban taɓa ganin dattijon Bahaushe da shi ba. Na durƙusa ina gaishe shi, idona yana kan takalmin.

A gidanmu na Fagge guntu-guntu ake ba da labarin Kawu. Abin da na sani shi ne ƙanin Umma ne, yana sayar da jakunkunan mata a kan sari a kasuwar Naif, kuma da ƙuruciyarsa ya shiga wata harka da ta sa kakanmu ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Duk lokacin da hira ta biyo ta kan wannan harka sai Umma ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ni har na yanke wa kaina cewa gidan yari ya taɓa zama.

Gidansu fulat ne a Al Buteen, saman wani shagon kayan yaji, har tufafinmu ƙamshin kanumfari suke yi. Daga tagar falo ana hango ruwan Deira da ƙananan jiragen katakon nan da ake ce wa abra suna ta ƙetarar da mutane. 'Ya'yansu duk sun yi aure suna gida Najeriya, sai shi da matarsa, Anti, 'yar Zariya, gajera mai saurin hannu da saurin baki. Ita ta nuna mini ɗakina, ta nuna mini inda ake kunna esi, sannan ta nuna mini wani dogon baƙin akwati a bayan wadrob.

"Wannan kuwa kada ki taɓa," ta ce. "Ni kaina sai da izini nake share masa ƙura."

A lokacin Juma'a ce ranar hutu a ƙasar. Juma'ata ta farko Kawu ya dawo daga masallaci, muka ci shinkafa da miya, ya ɗan kishingiɗa. Can sai ga shi ya fito da baƙar riga da wandon jins, ya yi sallama a ɗakina, ya ɗauki akwatin nan ya rataya. Na tsaya da faranti a hannu ina kallonsa. Anti ta karɓe farantin.

"Bi shi ki gani da idonki. In ba haka ba za ki yini kina yi mini tambayoyi, ni kuma guga ce a gabana."

Muka hau tasi zuwa Al Khabaisi, inda yake da sito. Ɗaki ne babba mara taga, kwalayen jaka jere har rufi, an bar fili a tsakiya kamar tsakar gida. Mutum biyu muka tarar. Ɗaya ɗan ƙasar Filifin ne mai gyaran esi, ƙaƙƙarfa, yana zaune a bayan jerin ganguna da fayafayen ƙarfe. Ɗayan Bahaushen Damagaram ne da ke aiki a wani kamfanin kago, masu aika kayan 'yan kasuwa zuwa gida, yana riƙe da jita mai dogon wuya da ake ce wa bes, kuma ba ya gama magana sai ya liƙa mata Faransanci a wutsiya. Kawu ya ce musu, "Ga uwata ta zo duba ɗanta." Suka gaishe ni da girmamawa kamar da gaske ni na haife shi, ɗan Damagaram har da rusunawa.

Kawu ya buɗe akwatin. Jita ce ja, fentinta ya koɗe a inda hannu ke gogawa. Ya jona ta da sifika, ya murɗa wani abu, ya dube ni.

"Zauna kan kwali, Uwata, ki riƙe ɗankwalinki."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Mai ganga ya buga sandunansa a juna, Kawu ya sauke hannu a kan tsirkiya, ni kuwa na ji ƙarar ta shiga ta tafin ƙafata ta fito ta haƙorana. Kwalin da nake zaune a kai har rawa yake yi. Na taɓa ganin kiɗan rok a talabijin, Turawa masu dogon gashi suna ihu, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Wannan kuwa a gabana ake yin sa, kuma mai yin sa shi ne mutumin da ɗazu ya ce in ƙara masa miya. Ya lanƙwashe baya, ya runtse ido, yatsunsa suna hawa suna sauka a wuyan jitar kamar ba su da ƙashi. Sannan ya matso bakin makirfo ya buɗe baki, sai na ji Hausa.

Hausa ce tsantsa ta cikin Kano, da amsa-amo a ƙarshen kowane layi kamar rubutattun waƙoƙin da muka haddace a makaranta. Waƙar wata 'yar kasuwa ce da ta zo sari, ta yini tana zaga lungunan Naif har ƙafarta ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, ta zauna kan ƙullin kayanta ta kira gida tana gaya wa yara ai nan hutu take sha. Muryarsa kaushi gare ta. In ya kai ƙarshen baiti sai ya ja ta sama har ta tsage, jitar kuma ta karɓa daga inda ta tsage. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ina tafi, ina dariya, hawaye na zubo mini, ɗankwalin da aka ce in riƙe ya daɗe da zamewa kafaɗa. Da suka tsaya kunnena yana ta ƙugi kamar an saki sauro a ciki.

"To, Uwata," ya ce yana share gumi da gefen riga, "kin ga harkar."

"Kawu, wannan ce? Don wannan Malam ya daina amsa gaisuwarka?"

"Ai ba ki ji ta da tsohuwar sifikarmu ba. Da kin ba shi gaskiya."

Bayan la'asar ya kai ni bakin ruwa, ya sayo mana shayin karak a kofin takarda, muka zauna kan dakali muna kallon abra. A nan ya ba ni labarin da aka daɗe ana ɓoye mini, kuma da dariya ya ba ni shi. Tun yana firamare yake tsara waƙa, a ka, ba ya rubutawa. Ya yi wa malamin lissafi, ya yi wa akuyar maƙwabta. Da aka tura shi sakandare a Jos, wata Asabar yana wucewa ta bayan gidan wani malaminsu mai garmaho, sai ya ji jita mai lantarki karon farko. Ya ce tsayawa ya yi da bokitin ruwa a ka har wuyansa ya ƙage. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne wannan ƙarar baitocinsa suke nema, don kalangu da garaya sun cika yi musu ladabi.

Da ya dawo Kano ya haɗa ƙungiya da abokansa, suna hayar kayan kiɗa a Sabon Gari, suna wasa a ɗakunan taron makarantu. Kaset ɗaya tak suka yi. 'Yan boko suka ce in rok zai yi ya yi da Turanci mana. Mutanen gari suka ce injin markaɗe ne ya lalace aka ɗauka. Masu sayar da kaset suka dawo musu da kayansu a kwali. Kakanmu kuwa tela ne mai mutunci a unguwa, limamin abokinsa ne, ranar da aka gaya masa an ga ɗansa a dandamali yana girgiza kai sai ya ɗauke masa fuska.

"Kun shirya kafin ya rasu?" na tambaye shi.

"Mun shirya. Lokacin na ajiye kiɗa na shiga Kantin Kwari. Yana kwance ba lafiya ya ce in karanto masa waƙar da na yi wa mahaifiyarmu, da baki kawai. Na karanta. Ya ce baitocin suna da tarbiyya, ƙarar ce ba ta da ita." Ya kurɓi shayi. "Har yau ban sami mai sharhin da ya kai shi ba."

Da kasuwanci ya kawo shi Dubai ya taho da jitar, amma ta yi shekaru a bayan wadrob bai buɗe ta ba. Sai da esinsu ya lalace, ɗan Filifin ɗin nan ya zo gyara, ya ga akwatin ya tambaya me ke ciki. Daga nan suka fara su biyu a sito. Ɗan Damagaram ta bango ya jiyo su daga ofishin kago na maƙwabta, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, suka ɗauka ƙarar su za a kai, ashe tambaya ya zo yi ko suna neman mai bes.

Tun daga ranar ba Juma'ar da ta wuce ni. Ƙawayena na jami'a suna tafiya manyan kantuna, ni ina kan kwali a Al Khabaisi ina haddace baitoci. Yana da waƙar masu ɗaure kago da ke naɗe kayan aurar da 'ya'yan wasu alhali nasu suna jira. Yana da ta mutumin da bizarsa ke ƙarewa yana kallon jirage daga saman bene. Yana da wata ta barkwanci kan ɗan Kano da ya koyi kalmar habibi, wato masoyi, ya dinga jefa ta har wa surukarsa a waya. Da safe in zai tafi shago sai ya tsaya a ƙofar kicin ya gwada wa Anti sabon baiti, ita kuma tana soya ƙwai ba ta ko waiwaya ba za ta ce, "Layi na biyu ɗingishi yake yi." Ya tafi yana gunaguni, da yamma ya dawo ya gyara.

Na fara ɗaukar su da waya. Kawu ya ce in ɗauka, amma kada ta kai ga Umma. Na tura wa ƙawata guda, 'yar Kaduna da muke aji ɗaya. Ashe yayarta 'yar kasuwa ce, ita kuma tana cikin zauren waya na mata masu zuwa sari.

Wata Asabar ina taya Kawu zaman shago sai ga wata Hajiya ta shigo, babbar mace mai zoben gwal a yatsu, tana jan ƙafa. Ba ta kalli jaka ko ɗaya ba. Ta ɗaga wayarta ta kai har hancin Kawu.

"Alhaji, kai ne wannan?"

Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Hajiya. A yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ni dai gaya mini wa ya ba ka labarina." Ta jawo kujera ta zauna, ta zare takalmi ta nuna masa ƙafarta a kumbure. "Ga ta nan. Ɗazun nan na gama gaya wa autana ina bakin teku ina shan iska. Karanto mini ita da bakinka, ƙarar nan ta hana ni jin wasu wuraren."

Kawu ya gyara murya ya fara, a tsaye a bayan kanta. Kafin ya kai rabi ƙofar shagon ta cika, masu shagunan maƙwabta da masu turin kaya da matan da ke wucewa da ledoji. Hajiya tana girgiza kai tana cewa haka ne, wallahi haka ne. Da ya gama ta share ido da gefen mayafi, ta ce a fito mata da sababbin jakunkuna ta gani, kuma kada ya ɗauka don ya sa ta kuka za ta fasa neman ragi.

Daga ranar asirin ya tonu a Naif. Wasu dattawa sun ɗan ja baya da shi, suna ganin bai dace da mai furfura ba. Amma mafi yawa murna suka yi. In ya bi lungu sai ka ji an jefo masa layi daga cikin shago, shi kuma ya ƙarasa yana tafiya.

A ajinmu akwai wata Ba'indiya haifaffiyar Dubai, yayanta yana kula da wani tsohon sito a Al Quoz da aka mayar wurin wasanni da nunin zane. Ta nuna masa bidiyon, ya aiko cewa suna shirya yinin kiɗa na mazauna gari da lokacin sanyi, ya samo izini da komai, yana so Kawu ya zo. Na dawo gida kamar in tashi sama. Kawu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce a'a.

"Ina da furfura, ina da kwastomomi, Uwata. Na taɓa hawa dandamali, na san abin da ya biyo baya. Khalas, an gama."

Anti tana tankaɗe a kicin. Ta leƙo da gari a hannu.

"Shekara nawa kana yi wa kwalaye waƙa? Ko sau ɗaya kwali ya taɓa maka tafi? Ka je. Ni ma zan je, in ga abin da nake share wa ƙura."

Washegari na ji shi a waya yana gaya wa mai ganga ya sayo sababbin sanduna.

Da yake ba wanda ya san su a can, su aka sa a farko, bayan azahar, lokacin da mutane ba su taru ba. Muka isa muka tarar da wuri fayau, kujeru ba kowa, sai wasu Turawa ƙalilan suna shan kofi da abokan mai ganga a gefe guda. Kawu yana bayan dandamali cikin farin kaftani da hula, jar jitarsa a rataye, yana ta murɗa tsirkiyar da ya riga ya gyara.

Sai na ji ƙarar bas a waje. Na leƙa, na ga Hajiya mai zoben gwal tana saukowa, a bayanta kuma kamar an juye Naif gaba ɗaya. Maza da manyan riguna, mata da mayafai kala-kala, masu ɗaure kago da rigunan aikinsu, ɗalibai, har da biyu daga cikin dattawan nan da suka daina tsayawa a shagonsa. Wata bas ta sake tsayawa. An taho da kilishi, an taho da kular zoɓo, wani ma da tabarmarsa a hammata. Mai wurin ya tsaya baki buɗe yana tambayar ƙanwarsa su wane ne waɗannan. Na ruga bayan dandamali ina haki.

"Kawu, sun zo. Kasuwar ce ta zo."

Ya leƙa ta labule, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara hularsa ya ce wa abokansa, "Yalla."

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ban kuma sake gani ba. Bugun farko wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta yi salati, amma da muryarsa ta fito wurin ya ɗauka. Sun haddace baitocin daga waya. Yana ba da layi, suna mayar masa. Ɗan Filifin ɗin nan, da ban taɓa jin ya wuce sannu da na gode ba, ya jawo makirfo yana amshi da Hausa, yana dukan ganga kamar ta yi masa laifi. Ɗan Damagaram ya manta da nutsuwarsa yana tsalle da bes. Turawan suka ajiye kofi suka matso gaba, ba su jin ko kalma, amma kansu yana tafiya tare da namu. Anti tana tsaye kusa da ni, ta harɗe hannu, ba ta tafi ba ta rawa, leɓɓanta ne kawai ke bin kowane layi.

Ana tsakiyar haka Kawu ya gama wata waƙa, ya kalli agogo, ya ce a makirfo, "Jama'a, la'asar ta yi." Ya zare jita ya jingine, ya sauka. Fiye da rabin wurin suka bi shi waje. Mai wurin ya biyo ni a guje fuskarsa ta yi fari, yana tambaya me aka yi musu, me ya ɓata musu rai. Na ce masa shwaiya, ya ɗan jira, sallah za su yi su dawo. Aka shimfiɗa tabarmi da kwalaye a harabar wurin, ɗaya daga cikin dattawan nan ya ja sallar, Kawu yana sahun farko. A ciki kuwa mai ganga ya zauna shiru da sandunansa a cinya, ya ƙi taɓa ko faifai guda har aka sallame. Da muka koma, waɗanda suka zo don mawaƙan da ke biye sun fara cika wurin, suka ga jama'a suna shigowa da ruwan alwala bai gama bushewa a gemu ba, mai kaftani ya hau ya rataya jar jita. Abin da ya buga bayan nan ya fi na farko zafi. Sai da aka roƙi masu biye su ƙara haƙuri, don mutane sun ƙi barin sa ya sauka.

Ba a kwana biyu ba Umma ta kira ni. Bidiyon ya isa Fagge. Na ɗauka da faɗuwar gaba.

"Ba ni ɗan naki," ta ce.

Na miƙa masa, na sa a sifika. Ya gaishe ta kamar yaro, Yaya ina wuni, Yaya ya gida. Ta bar shi ya gama.

"Na gani," ta ce. "Ka rame. Kuma hular ta karkace. Jar nan ce dai? Wadda na ɓoye maka a ƙarƙashin gadona ranar da Malam ya ɗauko taɓarya?"

"Ita ce, Yaya."

"To, ba ta tsufa ba. Ka turo mini ta mahaifiyarmu, ita nake son ji."

Na kalli Kawu, na kalli wayar. Duk shekarun nan Umma tana gudu duba tukunya, ashe da hannunta a ciki.

Ya samu wasu shekaru masu daɗi bayan nan. Aka riƙa gayyatar su wurare, ya shiga situdiyo ya ɗauki waƙoƙinsa yadda ya kamata, bai kuma fasa buɗe shago da safe ba. Ni na gama karatu na sami aiki a wani kantin magani a Deira. Sai wata shekara ya tafi Kano bikin jikarsa, ciwon zuciya ya kama shi a can, kafin mu shirya tafiya aka kira mu aka ce ya cika. A Kano aka binne shi kusa da iyayensa. A Naif shaguna da yawa suka rufe rabin yini, aka taru aka yi masa addu'a. Mai ganga ya zo ya zauna a bakin ƙofa har aka shafa, yana kuka ba ya ɓoyewa.

Na ɗauka shi ke nan. Amma waƙoƙin ba su zauna ba. In na bi Naif ina jin su daga wayoyin mutanen da ba su taɓa ganin sa ba. Masu ɗaure kago suna rera tasu suna jan salatif. Wani malamin jami'a a gida ya aiko yana neman baitocin don ɗalibansa, muka zauna da Anti tana faɗa daga ka ina bugawa, ba ta rasa layi ko ɗaya ba. Ɗan Damagaram ya koma ƙasarsu ya buɗe wurin koya wa matasa jita. Anti kuwa ta ƙi komawa gida, ta karɓi shagon tana gudanarwa, masu sari suna cewa ta fi marigayin tsauri.

Bara wasu samari uku suka shigo kantin maganinmu suna tambayar wadda Kawu ke ce wa Uwata. 'Yan Kaduna ne, suna da ƙungiyar rok da Hausa, sun ce daga waƙoƙinsa suka koyi cewa abin yana yiwuwa. Ɗayansu ya zo sarin takalma, sauran suka biyo shi don su ga inda mutumin ya zauna. Nan take na kira Anti. Ta ce in kawo su cin abincin rana.

Suka zauna a ƙasa a falo, sun naɗe ƙafa, suna kallon bango da labule kamar sun shigo wani wuri mai tsarki. Bayan an ci an sha babbansu ya ɗauko ƙaramar jitarsa ta katako ya nemi izini. Ya ce za su yi wa Anti wadda suka fi so, wadda Kawu ya yi mata ita. Suka fara a hankali, cikin murya mai ban tausayi, har suka zo layin da ke cewa ta sauka Dubai da kuka a jaka. Mai waƙar ya runtse ido ya ja kalmar kamar zai yi hawaye. Anti ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Me kake wa wannan marairaicewar?"

"Hajiya, ai nan ne zuciyar waƙar," ya ce da ladabi. "Mace ta bar garinsu, ta ƙunshe kukanta a jaka don kada mijinta ya gani. Mun daɗe muna tattauna wannan layin."

Anti ta kalle ni, ta kalle su, sai dariya ta ƙwace mata har tana dafa kujera.

"Kukar miya ce. Garin kuka na ƙullo a leda daga Zariya, don an ce mini nan ba a samu. Ma'aikatan filin jirgi suka buɗe jakar suka ga koren gari, suka tsare ni, suna shinshinawa suna kiran juna. Shi yana waje yana jira, ni ina ciki ina kwatanta musu tuwo da hannu. Waƙar tsokana ce, da gudu ake yin ta."

Samarin suka kalli juna. Ƙaraminsu ya fara dariya, sauran suka biyo, babban ya rufe fuska da tafin hannu yana cewa sun yi ta a gaban jama'a har mutane suna share hawaye. Anti ta ce ba komai, shi ma da ya ji da ya so haka, amma yanzu su yi ta daidai. Ta buga musu saurin da tafi, ta ba su layin farko da muryarta, suka ɗauka. Suka yi ta, suka sake, tana gyara musu inda harshe ya karkace, har mai shagon kayan yaji na ƙasa ya hawo ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko biki ake yi. Anti ta ce ya shigo, akwai sauran tuwo.